Kar ki jira mai mota, gaurakin Hornborga ba sa kai wa Mayu

Ƙanwata, ina karanta tambayarki na ji abin ya taɓa ni. Kin ce yara sun matsa sai an kai su tafkin Hornborga da ke Suwidin ganin rawar gauraki tunda aka yi musu maganar a makaranta, ga shi ba ki da mota, wanda zai kai ku kuma ya ce a bari sai Mayu idan sanyi ya yi sauƙi. Kina tambaya ko hakan ya yi, da kuma ko sai kin sayi madubin hangen nesa. To, maganar Mayu dai ki cire ta a ranki. Wallahi irin wannan maganar ce aka yi min, kusan kalma da kalma.

Tsuntsayen nan baƙi ne masu yada zango. Yawancinsu a Sifaniya suke cinye hunturu, su biyo ta Jamus, su fara sauka tafkin a tsakiyar Maris. Cikar kasuwarsu ƙarshen Maris ne zuwa makon farko na Afrilu, a 2019 har 27,300 aka ƙirga a rana guda. Kowanne ya huta mako ɗaya ko biyu, sai ya ƙara gaba arewa, fadamun Suwidin da Norwe, inda zai yi ƙwai. Kafin Afrilu ya ƙare fili ya koma shiru.

Ni wani ɗan garinmu ne ya yi min wannan aika-aikar, ba zan kama suna ba, yana ma iya karanta wannan. Shi ya kawo maganar da bakinsa, ya karɓi kuɗin mai a hannuna tun farkon Maris, ni da wata maƙwabciyata. Asabar ta zo ya ce iska ta yi yawa. Ta gaba ya ce baƙi ya yi daga Malmö. Daga nan sai azumi, wai wa zai tsaya a fili da ƙishirwa, a ƙasar da ko zufa ba ka yi. In na kira ya ce "Hajiya, tsuntsaye ne fa, ina za su je?" Ina za su je! Ni kuma kunya ta hana ni cewa a ba ni kuɗina. Sai da Mayu ya kama sannan ya ga dama. Muka isa Trandansen, wurin kallon da ke kudancin tafkin, ba komai sai ciyawa da wasu 'yan agwagi can nesa. Ƙaramar 'yata ta riƙe takardar da ta zana gauraka a kai, tana ta leƙa ta saman shinge tana tambaya ko sun tafi cin abinci ne. Wata tsohuwa Basuwidiya da ke yawo da karenta ce ta gaya mana sun daɗe da wucewa. Shi kuwa gogan yana cikin mota da hita a kunne yana waya, da muka dawo har dariya ya yi, wai ai ga tsuntsaye nan a Göteborg cike da bakin tasha. Yarinyar nan ba ta ce uffan ba har gida. Kuɗin ban damu da su ba, dariyar ce har yau ban manta ba.

Shekarar da ta biyo baya jirgin ƙasa muka hau daga Göteborg zuwa Falköping, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna. Trandansen yana kan hanya mai lamba 184 tsakanin Falköping da Skara, ki duba Västtrafik, kamfanin sufurin yankin, ki ga motar ranar, ki kuma tabbatar da ta dawowa kafin ki bar gida, don wurin ƙauye ne. Hukumar lardi tana saka adadin tsuntsayen a intanet kullum a lokacin, ki riƙa leƙawa, kina ganin ya haura dubu goma ki shirya yara.

Madubi kuma kar ki kashe kuɗinki. Tsuntsu ne da tsayinsa ya wuce mita ɗaya, kuma dubbai ne a gabanki, kafin ma ido ya gan su kunne ya ji su, hayaniya kamar ranar kasuwar ƙauye. Masu manyan madubai a kan ƙafa uku suna nan birjik, ki yi gaisuwa kawai, wani dattijo da kansa ya sauke nasa daidai tsayin ɗana ya nuna masa jan tabon da ke tsakiyar kan tsuntsun. Ki gaya wa yara tun a gida cewa ba irin gaurakan namu ba ne mai tukku ruwan zinariya, wannan ruwan toka ne, wuya baƙi da fari. Rawar kuwa gaske ce. Biyu za su fuskanci juna su rusuna, su buɗe fukafukai su yi tsalle, ɗaya ya tsinci kara ya wurga sama, nan da nan na kusa su ɗauka.

Kuɗin madubin ki sa a safar hannu da takalma masu kauri. Fili ne fetal, iska ba ta da abin tare ta, rana tana haske amma yatsu suna mutuwa. Filas biyu na shayi, kar ki ce ɗaya zai isa.

Kuma don Allah ki tsaya har magariba, a farkon Afrilu wajen takwas saura take faɗuwa. Lokacin ne suke tashi rukuni-rukuni su nufi tafkin, su kwana a tsaye cikin ruwa mara zurfi inda yanyawa ba za ta kai gare su ba. A wannan tashin ake ƙirga su. Mutane da yawa suna zuwa da hantsi su yi hoto su tafi, ni a ganina rabin abin suka gani. Abin da ke tara su a filin kuwa sha'ir ne da ake watsa musu, don kada su faɗa gonakin manoma. A da ragowar dankalin da ake nomawa don masana'antun giya na yankin suke bi, da aka daina sai aka koma ciyar da su.

In kuma ya zama dole sai Mayun, kar ki je Trandansen, ki wuce naturum, cibiyar baƙi da ke gefen gabas na tafkin. Lokacin tsattsewa ta iso, da shahon nan mai kamun kifi wanda ke hunturu a Afirka ta Yamma, da wata ƙaramar agwagwa mai farar gira da irinta ke cika fadamun Hadejiya da Nguru da tafkin Chadi lokacin sanyinmu. Amma ki faɗa wa yara gaskiya tun kafin ku fita cewa ba rawa za su gani ba.

Shi kuma mai motar taku, in ya riga ya karɓi kuɗin mai, ki aika babansu ya karɓo yau ɗin nan.