Amsa ga mai son sayen sabuwar babbar jif: kada ka ajiye kafin alƙalamin nan tukuna

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayarka, kace ku bakwai ne a gida, kana so ka sayi babbar jif sabuwa dal a karo na farko, idonka na kan Land Cruiser 300 ko Patrol ko Tahoe, kuma dilan da kaje wajensa yace maka saura ƙwaya ɗaya don haka ka ajiye kafin alƙalami kafin sati ya ƙare, sannan zai karɓi tsohuwar motarka kayi ciko. To ni dai shawarata kada ka ajiye ko sisi tukuna. Ba wai ina cewa mutumin macuci bane, ban san shi ba, amma na daɗe ina mu'amala da dilolin mota, na sayi tawa, na raka wasu sun saya, kuma wannan maganar ta "saura ɗaya" kusan ko ina kaje sai ka ji ta.

Akwai lokacin da maganar gaskiya ce. A 2021 da 2022 duniya ta yi ƙarancin ƙananan na'urorin lantarkin nan da ake sa wa motoci, kamfanoni suka rage ƙira, shi Land Cruiser 300 da ya fito a 2021 har Toyota da kanta ta faɗa wa mutanen Japan cewa jira zai iya kai shekara huɗu. A lokacin diloli suka riƙa ɗora kuɗi a kan farashin kamfani kuma mutane na biya suna godiya. Abin ya yi sauƙi sosai yanzu amma bakin masu sayarwa ya riga ya saba. Gwajin mai sauƙi ne, kace ya turo maka lambar bodin motar, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17, tare da hotonta a inda take tsaye. In motar tana nan a minti biyar zai turo. In ya fara cewa tana hanya, ko tana wani reshe nasu, ko sai manaja ya dawo, to kaga ba mota ake sayar maka ba, layi ake sayar maka.

Abu mafi muhimmanci da zan faɗa maka shine ka nemi lamba guda ɗaya tak a rubuce: jimillar kuɗin da zaka biya ka tuƙa motar ka fita da ita daga ƙofarsu, da haraji da rajista da kuɗin takardu da kuɗin kawowa da duk wani tarkace a ciki, kowanne a layinsa, kuma da VIN ɗin motar a saman takardar. Farashin da ke manne a gilas ba shine zaka biya ba, wanda aka faɗa maka da baki ma ba shi bane. Kuma wannan aikin daga gida ake yinsa, ba a cikin shagonsu ba. Ka rubuta saƙo ɗaya, ka faɗi samfurin, da ajin da kake so, da injin, da kala biyu ko uku da zaka iya ɗauka, kace a shirye kake ka saya a watan nan, ka tura wa diloli da dama har da na garuruwan da ke nesa da kai. Wasu zasu ce "ka shigo mu zauna mu yi magana", su ka barsu kawai. Waɗanda suka turo lamba, ka ɗauki mafi ƙanƙanta ka nuna wa sauran kace wa zai sauko ƙasa da wannan. Ba faɗa ba rashin kunya, kuma zaka sha mamakin yadda wanda yace farashinsa ba ya motsi zai kira ka da kansa, musamman in wata ya zo ƙarshe, don da yawansu akwai adadin motocin da ake so su sayar a wata ko a wata uku kafin su sami ƙarin lada daga kamfani, mota ɗaya tana iya cike musu lissafin.

Dalilin da yasa nake nacewa a kan a yi daga gida, in ka zauna a kujerar nan tasu wasan ya koma nasu. Su kullum wannan ne aikinsu, kai kuwa sau nawa zaka sayi sabuwar jif a rayuwarka? Tambayar farko da zasu maka, nawa zaka iya biya a wata. Kada ka amsa. In ka faɗi adadi to an gama, za a kawo maka takarda da adadin nan daidai, sai dai an ja bashin daga wata 48 zuwa 72 ko 84, kuɗin ruwa ya hau, kai kana murna an zo inda kake so alhali jimillar ta ƙaru sosai. In biya kaɗan-kaɗan zaka yi, ka ɗauki na wata ka ninka shi da yawan watannin, ka haɗa da abin da ka fara ajiyewa, wannan shine kuɗin motar a wajenka, kuma ka fara jin tayin bankinka kafin ka ji nasu saboda dila ma yana da la'adarsa a kan bashin da ya haɗa maka. In kuma kuɗi hannu zaka biya, kada kayi saurin faɗa, mutane na ɗauka mai kuɗi hannu ake yi wa ragi, sau da yawa akasin haka ne tunda ka toshe musu wata ƙofar samu. Kace sai an gama maganar farashi sannan a zo kan yadda za a biya.

Sai kuma zaryar nan ta "bari in je in roƙi manaja". Zai tafi ya barka minti ashirin, ya dawo da ɗan ragi kamar ya yi maka yaƙi, ya sake tafiya. Gajiyar da kai ake yi, mutum in ya kwashe awa huɗu a zaune yunwa ta kama shi yara na kira a waya, sa hannu yake yi don ya huta. In ka ga an fara, ka miƙe kace ga lambata, in kun shirya ku turo a rubuce.

Batun tsohuwar motarka, ka raba shi da cinikin sabuwar gaba ɗaya, ciniki biyu ne daban. Abin da ake yi shine, a ce motarka ta kai goma, sai su ce sun ɗauka a sha biyu kai ka ji daɗi, sannan su ƙi sauko da sabuwar da ukun da da zasu iya saukowa. Ko su yi maka ragi mai kyau a sabuwar su karya tsohuwar. Ka kai ta wurare biyu uku a taya tukuna ka san darajarta, in da hali ma ka sayar da kanka, ya fi wahala amma yawanci ya fi kuɗi. Sannan in sun karɓi makullinta wai za a duba, ana gama dubawa ka karɓi abinka ka sa a aljihu. Na taɓa ganin inda makulli ya "ɓata" a hannun wani ma'aikaci har sai da mai motar ya koma ya zauna aka ci gaba da ciniki.

Bayan kun daidaita, kana ganin an gama, sai a kai ka ofis na ƙarshe wajen mai takardu, kuma a nan ne ake mayar da ragin da ka sha wahala ka samu. Maganin kare fenti, maganin kare kujeru, tsarin sabis na shekaru, ƙarin garanti, na'urar bin sawu, baƙin gilas, har da iskar naitirojin a taya, alhali iskar da muke shaƙa ma kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce. Wasu za a ce maka ai an riga an sa a motar ba a cirewa. Kace ban nema ba, ku cire kuɗin ko ku bani wadda ba a sa wa ba. Ƙarin garanti ne kaɗai zan ce ka tsaya kayi tunani a kai, don motocin yanzu kwamfuta ce ta cika su kuma gyaransu ba wasa ba, amma ka tambaya na kamfanin motar ne ko na wani kamfani daban, ka karanta jerin abin da BAI ƙunsa ba, kuma ba dole sai a ranar ba, yawanci ana iya saye daga baya muddin garantin asali bai ƙare ba.

Yanzu motar kanta. Ku bakwai ne, don haka layin kujeru na uku shine motar a wajenka, ba girman allon gaba ko yawan lasifika ba. Ka kwashi iyali ku je gwaji, kowa ya zauna inda zai riƙa zama, babba ɗaya ya shiga can baya ya zauna ana tafiya, sannan ku buɗe but ku ga me ya rage. Land Cruiser 300 tsawonsa wajen mita 5 ne, in aka ɗaga kujerun baya wurin kaya kaɗan ne, kuma a ganina layin nan na yara ne, sannan ka lura akwai ajin da kujera biyar kawai yake da shi. Tahoe tun samfurin 2021 da aka canza masa tsarin ƙafar baya layi na uku ya samu wurin miƙe ƙafa sosai, in kuma kuna tafiya da kaya da yawa yayansa Suburban ne ya dace, sai dai ya kai kusan mita 5.7, ka auna garejinka da tef, tsawo da tsayin ƙofa, kafin ka saya. Patrol a tsakiya yake. In wani ya kawo maka maganar Sequoia sabo na 2023 zuwa sama, ka duba bayansa da kyau, haibirid ne, wato mai haɗa fetur da lantarki, kuma batirinsa na ƙarƙashin layi na uku ne shi yasa kujerun ba sa kwanciya su yi daidai da ƙasa.

Inji kuma, kada ka shiga da tunanin da. Land Cruiser 300 ya bar V8, wato inji mai silinda takwas, da ke cikin 200 da ya gabace shi, yanzu V6 ne mai silinda shida da tabo biyu, wato na'urar da ke cusa wa inji iska don ƙara masa ƙarfi, na fetur ko dizal mai lita 3.3. Patrol ma sabon da aka fito da shi a 2024 ya bar V8 mai lita 5.6 ya koma V6 mai tabo biyu a manyan aji. Tahoe ne har yanzu yake da V8, 5.3 da 6.2. Ƙarfi duk suna da shi, amma injin tabo ba ya yafe wasa da canjin baƙin mai, kuma mota ce da ta kai tan biyu da rabi, mai zata sha ko me aka rubuta a takarda. Rim, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, mai inci 22 yana da kyau a ido, amma tayarsa siririya ce, tana da tsada kuma zaka ji kowane rami a bayanka, ni 18 ko 20 nake ɗauka.

Kuma sabuwa ba ta nufin babu matsala. A 2024 Toyota ta kira motoci kusan 102,000 a Amurka, wato ta ce a mayar da su a gyara, Tundra da Lexus LX 600 na 2022 da 2023, saboda ɓurɓushin ƙarfe da aka bari a cikin inji wajen ƙira, kuma dangin injin nan ne a Land Cruiser 300 na fetur. A 2025 GM, kamfanin da ke ƙera Tahoe, ta kira kusan 600,000 masu V8 6.2 na 2021 zuwa 2024, har da Tahoe da Suburban da Yukon da Escalade. Ban kawo wannan don in tsorata ka ba, na kawo ne don ka ga amfanin garanti, mota in aka kira ta kyauta ake gyarawa amma sai in tana cikin tsarin wakilin kamfani a ƙasar da kake. Don haka ka tambayi dilan ƙarara, shi wakilin kamfani ne ko shigo da motoci yake yi da kansa, motar don wace kasuwa aka ƙera ta, kuma wa zai ɗauki garantin in inji ya samu matsala, da suna da adireshi a rubuce. Motar da aka ƙera don wata ƙasa tana iya zama sabuwa a leda amma wakilin da ke kusa da kai yace bai san da ita ba.

In duk wannan ya yi daidai kuma dole sai ka ajiye kafin alƙalami, ka ba da kaɗan, ta banki zuwa asusun kamfanin ba na ma'aikaci ba, rasit ɗin ya ƙunshi VIN, da jimillar farashin, da ranar miƙa mota, da cewa za a dawo maka da kuɗinka cif in ranar ta wuce ko aka kawo wata motar daban.

Ranar karɓa ka je da rana tsaka, kada ka yarda da magariba ko cikin ruwan sama, kuma ka duba motar kafin ka biya ragowar. VIN na gindin gilashin gaba da na jikin ƙofar direba da na takarda su zama ɗaya. In ƙirar kasuwar Amurka ce kamar Tahoe, harafi na goma shine shekarar samfurin, R 2024, S 2025, don kada a baka ta bara a kuɗin ta bana. Ka duba kilomita nawa ta yi, in ta yi ɗaruruwa to ana gwaji da ita, kuma wataƙila garantinta ya riga ya fara ƙirga, wannan ragi ne ya kamata a maka. A gefen taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT, misali 2324 na nufin sati na 23 a 2024, da shi zaka gane ko ta daɗe a ajiye. Ka zaga bodin a hankali kana kallon fenti ta gefe, ka hau ka leƙa rufin, ka kunna esi na baya, ka kwantar da kujeru ka tayar, ka gwada kyamara da gilasai duka, makulli biyu, safaya taya, jak, littafin sabis da hatimi. Duk abin da suka ce "za mu gyara daga baya" a rubuta a sa hannu kafin ka motsa.

In ka samu takardun farashin ka rufe sunayen ka turo mu gani layi-layi, kuma ka faɗa mana yaran shekarunsu nawa da irin hanyar da ka fi bi, don in akwai manya biyu da zasu riƙa zama a can baya ni Land Cruiser zan fara cirewa daga lissafin.