Amsa ga 'yar uwa mai gwangwanin tsaba

Salamu alaikum 'yar uwa. Wallahi ina karanta tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta. Kin ce kin cika gwangwanin Milo biyu da tsaba, 'yan pesuwa 10, 20 da 50, kin kai banki an ce ki dawo wani lokaci, ga kuɗin makarantar yara ya matso. Ni koko da ƙosai nake sayarwa a unguwar Aboabo da ke Kumasi a nan Ghana, rabin cinikina tsaba ne, na san nauyin jakar nan.

Kada ki sake kai su a zube. Wa zai zauna ya ƙirga miki, ga layi har bakin ƙofa? Ki shimfiɗa tabarma da daddare ki ware su, ki ƙulla a ƙananan leda: 'yan 50 guda ashirin sidi 10 ke nan, 'yan 20 guda ashirin da biyar sidi 5. Ni ban ma cika zuwa banki ba. Ki yi sammako zuwa tashar Kejetia, yaran motar haya ta trotro kuka suke da canji da sassafe, fasinjan farko sai ya miƙo musu sidi 50. Masu ruwan leda ma suna so, haka masu kanti. Mai wayo zai ce ki rage masa wani abu, kada ki yarda, shi ke da buƙata.

Amma don girman Allah kada ki ce za ki zuba wa wani mai susu, masu bi suna karɓar ajiyar kuɗi kullum, da ba ki san ofishinsu ba. Nawa ɗan unguwa ne, sahu ɗaya suke salla da maigidana, Yaya yake kirana. Kullum bayan la'asar zai zo da 'yar jakarsa, in juye masa tsabar ranar, ya ja layi a kati. Ƙarshen wata ya cire zubin rana ɗaya, ladansa, wannan kowa ya sani, ban taɓa yin ƙorafi ba. Sai ya ce in bar kuɗin su taru har azumi, in sayi sukari da gero da yawa tun ba su tashi ba. Na yarda. Saura kwanaki a ga wata, wayarsa a kashe. Na je gidansu, uwarsa ta fito tana gyara mayafi, ta ce wai ya yi tafiya, in yi haƙuri, "ai ɗanki ne". Ɗana? Ni da nake tashi tun kafin kiran asalatu ina tace gasara, hayaƙi na cin idona? A zauren nan na tarar da mata biyu, kowa da katinta a hannu, ɗaya tsohuwa ce mai sayar da goro, ko kuka ta kasa. Har yau in na haɗu da uwar a wurin suna ko biki sai ta kau da kai, kamar ni na ci nasu. Maigida ya ce a bar wa Allah, na bari, amma ban yafe ba.

Masu ofishin ma ki duba da kyau, kin dai tuna 2019 da Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya 347 a rana ɗaya.

Yanzu duk Juma'a nake canza tsabar, takardar ta wuce MoMo, asusun kuɗina na waya, kai tsaye, don in tana ɗaki sai an samu mai ciwon kai ko mai neman rance. Kuma tsaba ba ta son dogon zama. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari, abin da gwangwani ɗaya zai saya a farkon shekarar bai saye shi a ƙarshe ba. Ki ɗauke gwangwanin daga ƙasa in ɗakinku na jiƙa da damina, in suka yi baƙi sai a riƙa juya su ana miki kallon banza. 'Yan pesuwa ɗaya kuwa kada ki wahalar da kanki, ba mai karɓa a kasuwa. 'Yan sidi 1 da sidi 2 su za ki riƙa jefawa asusu, su ne ke taruwa da sauri. Ki kuma sa ido a kan yara, nawa da tsinken tsintsiya suke zaro su.

Allah Ya rufa asiri, Ya hore miki kuɗin makarantar. Kuma na san akwai dangin mai susun nan a cikinmu nan, suna karantawa. Ku faɗa masa katina yana nan, ban yar ba.