Amsa ga mai son zuwa karatu Klagenfurt

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce jami'ar Klagenfurt ta ba ka gurbin digiri na biyu a fannin kwamfuta, kana tambaya ko garin zai zaunu, kuma ko za ka iya riƙe kanka da aiki kana karatu.

Garin shi ne hedikwatar jihar Kärnten a kudancin Ostiriya, kusa da iyakar Sloveniya da Italiya. Mutanensa sun ɗan haura 100,000, don haka kada ka zo da tunanin Viyana, babban birnin ƙasar. Yana gabashin tabkin Wörthersee, kuma akwai wata doguwar magudanar ruwa, Lendkanal, da aka haƙa tun ƙarni na 16 ta haɗa tsakiyar gari da tabkin. Jami'ar, wadda aka kafa a 1970, tana can ɓangaren tabkin, kana iya takawa da ƙafa zuwa bakin ruwa. Ga mai son karatu tsakani da Allah, wuri ne mai kyau. Azuzuwa ba cunkoso, malami zai san sunanka, keke ya ishe ka zirga-zirga.

Batun kuɗi ne nake so ka buɗe kunne. Ɗalibin da ba daga Tarayyar Turai ya fito ba yana biyan kuɗin makaranta yuro 726.72 kowane zango. Wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne ɗaki da inshorar lafiya da abinci, kuma kafin a ba ka takardar zama sai ka nuna kana da kuɗin ciyar da kanka. Doka ta yarda ka yi aiki har awa 20 a mako, amma mai ɗaukarka ne zai nemo maka izini daga hukumar ƙwadago ta AMS. Garin ƙarami ne, ayyukan ɗalibai ba su da yawa, mafi yawansu kuma sai da Jamusanci. Da bazara baƙi kan cika bakin tabki, otal-otal da gidajen abinci su nemi ma'aikata, sanyi na shigowa kasuwar ta lafa. Don Allah kada Baba ya sayar da gona bisa lissafin cewa aiki zai mayar da kuɗin. Ka zo da abin da zai riƙe ka shekara guda cur.

Ka fara koyon Jamusanci tun yau, ko da da Turanci za a koyar da ku. Karin harshen mutanen Kärnten ya bambanta da na littafi, sai kunne ya saba.

Sanyin ma ba wasa ba ne. Garin yana cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, daga Nuwamba hazo kan kwanta kwana da kwanaki ba ka ga rana ba, ƙarfe 4 da rabi na yamma duhu ya yi. Kaɗaici ya fi sanyin cin rai, domin Hausawa a nan ƙalilan ne. Akwai masallatai na 'yan Bosniya da na Turkawa, a shagunansu kuma za ka sami naman halal. Ka riƙe Juma'a da kyau, a can za ka yi abokai.

Ranar Lahadi kusan duk shaguna a rufe suke, ka yi cefane tun Asabar. Idan ka iso, cikin kwana 3 sai ka yi rajistar adireshinka, takardar da suke kira Meldezettel. Ka fara neman ɗaki a gidan ɗalibai tun kafin ka kai takardunka ofishin jakadancin Ostiriya na Abuja.

Ka gaishe min da Inna.