Tambaya da Amsa: Haruffan da ke bayan ɗigo a sunan fayil

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu a Birnin Kebbi. An kawo mini hoton fasfo daga iPhone, sunansa ya ƙare da .heic, shafin rajista kuma ya ce sai .jpg. Na goge .heic na rubuta .jpg, amma ya ƙi karɓa. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Buhun gero ka ɗauka ka rubuta "shinkafa" a jikinsa, da aka kwance kuwa gero aka gani. Haruffan nan uku ko huɗu, wato wutsiyar fayil, suna gaya wa kwamfuta ne wace manhaja za ta buɗe shi: .docx na Word, .xlsx na Excel, .pptx na PowerPoint, .apk na wayar Android. Canza su ba ya taɓa abin da ke ciki. Tun 2017 iPhone ke ajiye hoto a .heic saboda bai kai .jpg cin wuri ba.

Ka mayar da sunan yadda yake. Hanya mafi sauƙi ita ce mai hoton ya turo maka shi ta WhatsApp a matsayin hoto, kada ya turo shi a matsayin takarda. Zai iso a .jpg, sai dai ingancinsa zai ɗan ragu, wanda ba komai ba ne ga hoton fasfo. In yana son ya huta gaba ɗaya, ya shiga Settings, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible.

Tunda shago gare ka, ga abin da ya fi wannan muhimmanci. Windows na ɓoye wutsiyar fayil sai ka ce ya nuna. Buɗe File Explorer, danna View, ka sa alama a File name extensions (a Windows 11 sai ka bi ta Show tukuna). Filashin kwastoma kan zo da abu mai suna "sakamako.pdf.exe". Idan wutsiya a ɓoye take, "sakamako.pdf" kaɗai za ka gani, ka danna, ashe manhaja ce mai ɗauke da ƙwayar cuta. Wutsiyar ƙarshe ita ce ta gaskiya. Takardar makaranta ba ta da dalilin ƙarewa da .exe, .scr ko .vbs.

Tambaya: Sakatariyar wata ƙungiyar mata ce ni a Gusau. An turo mini sunayen mambobi a fayil ɗin .csv, na buɗe a Excel, duk lambobin waya sun rasa sifirin farko.

Amsa: Hajiya, sifirin na nan a cikin fayil ɗin. Shi .csv zallar rubutu ne da waƙafi ke raba shi gida-gida, ba ya riƙe launi ko lissafi. Excel ne ya ɗauki 0803 a matsayin adadi ya yar da sifirin. Rufe shi, kada ki adana, domin in kin adana asarar ta tabbata. Ki buɗe Excel babu komai, ki shiga Data, From Text/CSV, sannan Transform Data, ki mayar da layin lambobin ya zama Text. Daga nan ki adana a .xlsx.

Tambaya: Daga Argungu. Na kai katin biki a .cdr, mai injin bugawa ya ce ba ya buɗewa, alhali yana da CorelDRAW, manhajar zane da ke buɗe irin wannan fayil.

Amsa: CorelDRAW ɗinsa tsoho ne, naka sabo, tsohon kuwa ba ya karanta aikin sabo ko da wutsiyarsu ɗaya. Wajen adanawa ka zaɓi tsohon zubi a akwatin Version. Kafin nan ka zaɓi rubutun duka ka danna Ctrl da Q ya koma zane, in ba haka ba ƙ, ɗ da ɓ na iya fitowa akwatuna idan ba shi da irin haruffanka. Ka haɗa masa da kwafin .pdf a filashi ɗaya.