Wasan sakandare ko na bazara: ni dai ga abin da idona ya gani

Salamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da dare amma ina wurin aiki, sai yanzu na samu zama. Ka ce yaronka ɗan shekara 16 yana aji 10 a nan Amurka, yana zuba maki a ƙungiyar ƙwallon kwandon makarantarsu, sai ga wani kocin kulob ya zo ya ce maka in bai shiga wasan bazara ba babu jami'ar da za ta san da shi, kuma kuɗin da ya yanka ba na wasa ba ne, shi ne kake tambaya wai masu ɗaukar yara a jami'a wanne suke kallo, na makaranta ko na AAU, wato na kulob. Toh ni ba wani babban koci ba ne, na dai daɗe ina taimaka wa kocin wata sakandare a nan Ohio, kuma na yi bazara huɗu ina jan motar yaran wani kulob daga wannan jiha zuwa waccan, don haka duka ɓangarorin na zauna a bencinsu.

Mutumin nan bai yi maka ƙarya gaba ɗaya ba, ya dai faɗi rabin da zai amfane shi.

Ka fara duba kalanda. Kakar sakandare daga wajen Nuwamba ne zuwa Maris, kuma daidai wannan lokacin su ma jami'o'i suke nasu wasannin. Kocin da yake da wasa ran Laraba da Asabar yaushe zai hau jirgi ya je wani ƙauye don kallon yaro ɗaya? Amma a lokacin bazara, musamman Yuli, akwai 'yan kwanakin da NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta yarda kocin jami'a ya zo ya zauna ya yi kallo, sai ka ga an tara yara ɗaruruwa a rufi ɗaya, fili takwas ko goma a jere, mutum ya sayi littafin sunaye ya zauna daga safe har dare yana juya kujera. Shi ya sa bazara ta cinye harkar. Ba wai don wasan ya fi kyau ba ne, kasuwa ce kawai ta ci a wuri ɗaya.

Sannan kalmar AAU ɗin nan tana ruɗa iyaye sosai. Asalinta ƙungiya ce tun 1888, amma yanzu duk wasan kulob da sunan ake kiransa ko da ba ruwansa da ita. Inda manyan kocin suke zuwa da gaske shi ne gasar kamfanonin takalma, EYBL ta Nike da aka fara a 2010 wadda ake rufewa da Peach Jam a North Augusta can South Carolina a watan Yuli, sai 3SSB ta Adidas, sai ta Under Armour. Waɗannan yawanci kamfani ne ke ɗaukar nauyin kaya da tafiya. A ƙasansu kuma akwai kulob-kulob ba iyaka, wasu na kirki ne wallahi, wasu kuwa kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi, yara su yi ta gudu uba ya yi ta biyan otal da mai da kuɗin shiga, a tafi gasar da babu kocin jami'a ko ɗaya sai iyaye da mai sayar da lemo. Mun taɓa tuƙin awa bakwai zuwa irin wannan, an ce mana za a cika da masu ɗauka, muka je muka tarar da kujerunsu babu kowa, ban manta ba don ni na biya man motar. Don haka kafin ka ba shi ko sisi ka tambaye shi wace gasa za su buga, a wane wata, kuma yaransa na bara ina suke yanzu. In ya fara kame-kame ka san inda aka dosa.

Abin da bazara take nuna min wanda sakandare ba ta iya nunawa shi ne yadda yaro yake in ya haɗu da daidai shi. A makaranta sau da yawa yaron da ya kai ƙafa shida da inci biyar shi ne mafi tsawo, sai koci ya dasa shi a ƙarƙashin kwando don ya ci wasa, yana tsallake kan yaran da ba su kai kafaɗarsa ba, maki na ta hawa kowa na tafi. Alhali a jami'a mai wannan tsawon a waje zai buga, dole ya iya jan ƙwallo, ya iya jifa daga nesa, ya iya tare ɗan ƙaramin da ya fi shi sauri. Layin maki uku ma ba ɗaya ba ne, na sakandare ƙafa 19 da inci 9, na jami'a ya ɗan haura ƙafa 22 tun 2019. Kuma jihohi da dama sun daɗe ba su da agogon jifa a sakandare, ƙungiya tana iya riƙe ƙwallo ta yi ta zagaye da ita, a jami'a kuwa daƙiƙa 30 ce kawai. Na ga yaron da yake sarki a gundumarmu, muka kai shi inda kowa dogo ne kowa na tsalle, jifarsa ta farko aka make ta har cikin 'yan kallo, daga nan bai sake kusantar kwando ba har aka tashi. Wannan abin ko shekara nawa na yi ina kallonsa a makaranta ba zan gano shi ba.

Labarin Anthony Davis ma ai haka ne. Ƙaramar makaranta ya yi a Chicago, Perspectives Charter, ba wanda ke zuwa kallonsu kuma ba cin wasa suke ba sosai, shi kuma ya yi wani irin tsawo lokaci ɗaya bayan ya taso yana buga gad, wato mai jan ƙwallo daga waje. A 2010 ya shiga kulob ɗin MeanStreets, cikin 'yan watanni sunansa ya hau saman jerin yaran ajinsa, ya tafi jami'ar Kentucky, suka ɗauki kofin ƙasa a 2012, aka ɗauke shi na farko a NBA a shekarar. Da sakandare kaɗai aka bi da Allah kaɗai ya san yaushe za a gan shi.

Amma fa bazara tana da nata ƙaryar, kuma ita ce ta fi yaudarar mutane don ta fi ƙyalli. Yara su buga wasa uku a rana, wani lokaci huɗu, ba tirenin na kirki don kowa daga garinsa ya zo an haɗu a otal ran Juma'a, ba wanda ya zauna ya nazarci abokin karawa, in an sha kashi da safe ba komai akwai wani da azahar. Wa zai kashe kansa a difens a wasa na uku ran Lahadi? Kowa so yake ya yi dank, wato ya yi tsalle ya danna ƙwallo cikin kwando, a ɗauka a waya. Yaro in koci ya ajiye shi a benci sati mai zuwa ka gan shi da rigar wani kulob. Kobe Bryant ma ya taɓa caccakar tsarin a 2015, yana cewa ba ya koya wa yara asalin wasan, kuma duk wanda ya zauna a bencin nan ya san akwai gaskiya a maganar.

Ni abin da nake gani a makaranta kuwa shi ne halin yaro, kuma shi ne abin da ba ya fitowa a bidiyo. Wata huɗu kullum muna tare. Na san wanda ke zuwa tirenin da sanyin Janairu kafin kowa, na san wanda in aka yi masa faɗa yake kumbura kwana uku, na san wanda yake iya riƙe tsarin wasa goma a kansa da wanda sai an yi ta nuna masa inda zai tsaya. Sannan a makaranta abokan hamayya sun san ka, sun kalli bidiyonka, sun san hagunka ba ta aiki, za su tura ka hagu tun daga farko har ƙarshe su sa mutum biyu a kanka, kuma wasan kwata huɗu ne na minti takwas takwas da duk garin ya zo kallo, in aka fitar da ku a gasar jiha shi ke nan sai baɗi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Jami'a kuwa irin wannan rayuwar ce, ba irin ta otal ba.

Shi ya sa duk mataimakin kocin jami'ar da ya taɓa kiran wayar maigidana, kocin da nake taimaka wa, ba maki yake tambaya ba, ya riga ya ga yaron a Yuli. Tambayarsa ita ce yaya yake in an sha kashi, yana zuwa aji, iyayensa fa suna da rigima, yana jin magana. Na ga tayin gurbi a jami'a ya mutu a waya ɗaya ta minti biyar, don maigida mutum ne da ba ya ƙarya, aka tambaye shi ya yi shiru na ɗan lokaci, shirun nan kaɗai ya isa.

Ita kanta NCAA ta gane an bar wa bazara ƙarfi da yawa. Bayan binciken FBI na 2017 da ya bankaɗo kuɗin da ke yawo tsakanin mutanen kamfanin takalma da wasu mataimakan koci da dillalai, aka kafa kwamiti ƙarƙashin tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka Condoleezza Rice, daga 2019 aka buɗe wasu ƙarshen mako a watan Yuni da kocin jami'a zai zo ya ga yaro da ƙungiyar makarantarsa. Wannan ka tambayi kocin makarantar yaronka ko suna zuwa, don ya fi araha nesa ba kusa ba kuma iyaye da yawa ba su ma san da shi ba.

Taurarin nan na nuna matsayi da ake liƙa wa yara a shafukan intanet irin 247Sports da ESPN da Rivals kuma kar su hana ka barci. Ja Morant ba shi da ko ɗaya. A 2016 wani mataimakin kocin jami'ar Murray State, James Kane, ya je wani sansani kallon wani yaro daban, yunwa ta kama shi ya fita neman abin taɓawa, sai ya leƙa ƙaramin filin baya ya ga Morant suna buga uku da uku. A 2019 shi aka ɗauka na biyu a NBA. Stephen Curry ma manyan makarantu sun ce ya yi ƙanƙanta, Davidson ce ta ɗauke shi. Amma kar kuma mu yaudari kanmu, irin waɗannan ana ba da labarinsu ne don ba su da yawa.

Wani abu da ya canza lissafin, tunda aka sauƙaƙa wa 'yan wasa sauya jami'a a 2021 koci da yawa sun fi son ɗaukar ɗan shekara 21 da ya riga ya buga jami'a a kan ɗan sakandare, don haka guraben yara sun ƙara matsewa, kar ku raina Division II, wato rukuni na biyu na jami'o'i, ko kwalejin shekara biyu. Kuma karatu, don Allah karatu. Division I, rukunin manyan jami'o'i, tana neman darussa 16 da aka amince da su da matsakaicin makin karatu 2.3 aƙalla, na ga yaron da ya iya wasa ya tsaya a nan. In kuma ya yi wani ɓangare na sakandare a gida Najeriya ko Nijar ko Ghana, ku fara haɗa takardunsa tun yanzu har da ta haihuwa, don yaranmu ana yawan yi musu kallon sun rage shekaru ko da ba su rage ba, abin na min ciwo amma haka yake.

In ɗana ne, zan sa shi bazara ɗaya a kulob ɗin da zai samu mintuna, ko da ba shi da babban suna, don zama a bencin EYBL ba ya nuna wa kowa komai, amma ba zan bari ya yi sakaci da kakar makaranta ba. Daga 15 ga Yuni bayan ya gama aji 10 kocin Division I suna da damar kiransa kai tsaye, ka lura da su wa suka kira, wannan zai faɗa maka matsayinsa fiye da bakin kocin kulob. Kuma in ba damuwa ka turo min bidiyon wasansa, ba irin yanke-yanken nan mai kiɗa ba, cikakken wasa ɗaya daga farko har ƙarshe, in so samu ne wanda aka ci su, ina so in ga abin da yake yi in ƙwallo ba ta hannunsa.