Shin An Tantance Jami'ar Da Ɗanka Zai Shiga?

Tambaya: Ɗana ya samu gurbin karatun likita a wata jami'a, amma an shawarce ni in bincika ko an tantance ta kafin in biya kuɗi. Mene ne amfanin hakan?

Amsa: Malam, wanda ya ba ka wannan shawara ya yi maka gata. Tantancewa ita ce binciken da hukumar da ke da hurumi take yi a kan malaman jami'a da manhajarta da ɗakunan gwajinta, kafin ta amince da shaidar karatun da take bayarwa.

Inda iyaye suka fi yin kuskure shi ne, amincewa da jami'a daban, amincewa da kowane kwas daban. Jami'a tana iya samun izinin aiki alhali ba a amince da sashenta na likitanci ba, kuma wanda ya kammala a irin wannan sashe yana iya rasa lasisin aiki bayan shekarun da ya kwashe yana wahala. Hakan yana damuna matuƙa.

Kada ka dogara da tallar makarantar. Duba jerin sunayen da hukumar take wallafawa, sannan ka lura da kwanan wata, domin amincewar tana da wa'adi kuma ana iya janye ta.