Tambaya da Amsa: Labarin da Na Bayar Ya Zama Ƙarya, Alhakin Yana Kan Wa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni wakilin wata tashar rediyo ne a Gombe. A watan jiya wani da na amince da shi ya gaya mini cewa wani ɗan kasuwar hatsi yana ɓoye masara domin ta yi tsada. Na rubuta labarin har da sunan mutumin, edita ya sa hannu, aka karanta a labaran yamma. Daga baya ta bayyana cewa buhunan na manoma ne da suka ba shi ajiya. Edita ya ce in yi shiru, maganar za ta wuce. Alhakin nan a kaina yake ko a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Edita yana da nasa kason, amma mafi nauyi naka ne, domin kai ne ka ji daga baki ɗaya ka rubuta, ba ka taka zuwa rumbun ba, ba ka kuma nemi jin ta bakin mutumin da ka ambaci sunansa ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarce mu da bincike kafin mu karɓi labari, kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama, kuma halin da kake ciki ke nan.

Shawarar yin shiru ba daidai ba ce. Ƙa'idojin aikin jarida da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Ƙasa, wato NUJ, da editoci da masu gidajen jaridu suka amince da su a Ilorin a 1998 sun ce idan kuskure ya fita a gyara shi da gaggawa, a kuma ba wanda abin ya shafa damar mayar da martani. Magana zarar bunu ce, musamman a rediyo, inda mai sauraro a ƙauyukan Dukku ko Nafada ba shi da shafin da zai koma ya duba. Abin da ya ji shi zai riƙe. Ɗan kasuwa kuwa jarinsa amana ce, kuma ina tausaya wa wannan bawan Allah da ake nuna shi da yatsa a lokacin tsadar abinci.

Ka rubuta gyaran da kanka, ka miƙa wa edita a rubuce, ka nemi a karanta shi a labaran yamma inda aka yi kuskuren, ba a tsakar dare ba. Idan ya ƙi, ka kai maganar ga shugaban sashen labarai. Kada ka fallasa wanda ya ba ka labarin in ka yi masa alkawarin sirri, sai dai ka daina dogaro da shi. Kafin duk wannan, ka je wurin ɗan kasuwar da ƙafarka, ka nemi gafararsa a gaban abokan sana'arsa, ka ɗauki muryarsa a saka a cikin gyaran.